Bijimin da Kawu Hamma Ya Kawo

Ranar wata Asabar ce a ƙarshen daminar 1977, saura kwana ɗaya Mijinyawa ya bar Keffi. Ya gama karatun likitan dabbobi a Zariya, ya yi shekararsa ta bautar ƙasa a can Gabas, sannan ya dawo gida yana jiran tafiya Badun, inda aka ba shi gurbin digiri na biyu. Takardar da aka aiko masa ta ce ranar Laraba za a rufe rajista. Zamanin arzikin mai ne, ma'aikatu suna neman masu digiri ruwa a jallo, abokan karatunsa duk sun kama aiki, wasu har da mota. Mahaifinsa, Alhaji Idris mai sayar da shadda da atamfa a kasuwa, ya so ɗansa ya bi sahunsu. Da ya ga yaron ya kafe, sai ya ce to, Allah ya sa alheri, ya kuma sa a shirya walima bayan la'asar.

Mahaifiyar Mijinyawa, Hamsatu, Bafulatana ce daga wata ruga kusa da Gitata. Yayanta, Kawu Hamma, da ya ji ɗan ƙanwarsa zai tafi ƙaro karatu a kan shanu, sai ya shiga garkensa ya zaɓi wani farin bijimi, ya koro shi da ƙafa har Keffi. Ranar Juma'a da yamma suka iso, aka ɗaure bijimin a gindin mangwaro bayan gida. Mijinyawa ya ga bai taɓa ciyawar da aka zuba masa ba, ya ce a ransa gajiyar hanya ce.

Da safe ya tafi tasha ya kama wuri a motar Minna, inda zai hau jirgin ƙasa, ya biya ya yi sallama da wasu tsofaffin malamansa. Hantsi ya ɗaga sosai kafin ya dawo. Tun daga lungu ya jiyo ƙarar gatari a kan ƙashi. Ya yi mamaki, don an ce sai ya dawo za a yi yanka.

A gindin mangwaro ya tarar da Nababa mahauci ya gama fiɗa, yana sassara nama a kan fatar. Ya haɗa 'yar tukuba a gefe ya jera tsire.

"Sannu da aiki, Malam Nababa. Har an yanka?"

"Ai saura kaɗan mu yi asara, Likita. Bayan fitarka bijimin ya kama rawar jiki, ya durƙushe. Allah ya taimaka Kawunka na kusa, ya sa masa wuƙa da ransa."

Mijinyawa ya matsa kusa. Jinin yake kallo. Ya kwanta a ramin da aka haƙa masa, baƙi kamar kwalta, kuma har yanzu bai daskare ba, alhali an fi awa biyu da yanka. Ya juya kan bijimin da ƙafa, ya ga busasshen jini a hancinsa.

"Ina saifar?"

Nababa ya nuna masa wani daro da bakin wuƙa. "Ga ta can. Tun da nake fawa ban taɓa ganin mai girmanta ba."

Ta kumbura ta kusa cika daron. Mijinyawa ya sa tsinke ya taɓa ta, ta fashe kamar ruɓaɓɓen gwanda, wani baƙin ruwa ya biyo. Ya san hoton nan. A littafi ya gan shi, a shekararsa ta huɗu, ƙarƙashin sunan ciwon saifa, wanda ke kashe saniya cikin yini guda, ya kuma kama mutumin da ya ci naman ko ya taɓa jinin da rauni a hannu. Amma hoto ne kawai. Bai taɓa ganin ciwon da idonsa ba, kuma akwai wasu cututtukan da ke kumbura saifa. Ya tsaya yana jin muryoyin mata daga cikin gida suna raha a bakin murhu.

"Malam Nababa, ka ajiye wuƙar nan. Kada ka ƙara taɓa komai, kada kowa ya ɗanɗana tsiren nan."

Mahaucin ya dube shi, ya yi dariya, sai ya ga ba wasa a fuskarsa.

A zaure Mijinyawa ya sami Alhaji da Kawu Hamma zaune kan tabarma suna hira. Ya durƙusa ya gaishe su, ya rasa ta inda zai fara. Daga ƙarshe ya faɗa kai tsaye.

"Baba, ina jin tsoron naman nan. Ina zaton ciwon saifa ne ya kayar da bijimin."

Kawu Hamma ya sunkuyar da kai yana murza sandarsa.

"Zato kake," in ji Alhaji, "ko ka tabbata?"

"Ban tabbata ba tukuna."

"To, da ransa aka yanka shi, da sunan Allah. Kawunka ya tako tun daga Gitata saboda kai. Na gayyaci mutanen unguwa, na gayyaci abokan kasuwa. Kana so in ce musu me? Ban da haka ma, wace cuta ce wuta ba ta kashewa?"

"Wannan ba kullum take mutuwa a tukunya ba, Baba. Kuma masu yankawa da wankewa, ta hannu take shiga."

Sai a lokacin Kawu Hamma ya yi magana, a hankali, ba tare da ya ɗaga kai ba. "Shekara hamsin ina bin shanu. Ban taɓa kai wa mutum mushe ba."

"Kawu, ban ce mushe ba ne."

"Ai ka faɗa."

Mijinyawa ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. A rugar mutumin nan yake hutun makaranta tun yana ƙarami. Shi ya koya masa tatsa, shi ya koya masa gane saniya mai ciki. Ya juya ga mahaifinsa.

"Baba, a ba ni zuwa azahar. Zan kai jinin a duba. In na yi kuskure, zan durƙusa gaban Kawu a gaban kowa in nemi gafara. Amma kafin nan kada a ci."

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. "Zuwa kiran salla," ya ce. "Ba zan ƙara ko minti ba."

Mijinyawa ya leƙa cikin gida ya ce wa matan su dakata, su wanke hannu da sabulu. Suka bi shi da ido. Ya ɗebi jinin a wata 'yar kwalba, ya naɗe ta da tsumma, ya hau babur ɗin Alhaji.

Asibitin dabbobi a rufe yake, kasancewar Asabar. Amma ya san gidan Malam Zakka, tsohon malamin dabbobi da ya fi shekara ashirin a wurin, wani Ba'egone, ɗan wata ƙabilar yankin, mai furfura da Hausarsa mai ɗan karkata. Matarsa ta ce yana gona. Mijinyawa ya bi wata hanyar laka, babur na zamewa, har ya hango shi cikin kunyoyin doya. Da tsohon ya ji bayani, bai tambayi komai ba. Ya jingine fartanya ya hau bayan babur da taɓo a ƙafarsa.

Akwai madubin duba ƙwayar cuta guda ɗaya a ofishin, cikin akwatin katako, tun na zamanin Turawa. Ba lantarki, sai suka kai shi bakin taga. Mijinyawa ya shafa jinin a ɗan gilashi, na farko ya kuɓuce masa ya faɗi ya fashe. Ya sake wani, ya busar da shi a kan fitila, ya ɗiga shuɗin ruwan rini. Kwalbar rinin ta tsufa, ya ga gari-gari a gindinta. Ya sa ido, bai ga komai ba sai hazo. Ya murɗa, ya sake murɗawa. Agogon bango ya nuna sha biyu da rabi.

"Yi a hankali, Dakta," in ji Malam Zakka. "Juya ƙaramin madubin ya kalli rana."

Ya juya. Haske ya shigo, sai ga su: 'yan sanduna shuɗɗa, jere da juna kamar gaɓoɓin kara, kowace da wani ja-ja kewaye da ita. Sun cika gilashin. Ya ja da baya ya ba tsohon wuri. Malam Zakka ya duba ya daɗe.

"Baba Zakka, me ka gani?"

"Idona ya tsufa. Na taɓa ganin irinsu sau ɗaya, kafin a ba mu mulkin kai, a wani ƙauye bayan Nasarawa. Mutum tara muka binne. Amma kai ne likita, kai za ka faɗa, ni in bi ka."

"Shi ne," in ji Mijinyawa.

Suna kan hanya aka kira azahar.

Da suka iso, bayan gida ya cika da mutane. Labari ya riga ya zaga unguwa cewa ɗan boko ya hana cin naman walimarsa. Wasu na dariya, wasu na cewa ai karatu in ya yi yawa haka yake yi wa mutum. Alhaji na tsaye da carbi a hannu. Mijinyawa ya matsa kusa da shi ya faɗa masa abin da suka gani a hankali, Malam Zakka ya gyaɗa kai. Alhaji ya rufe ido.

Kawu Hamma ya ji. Ya taka zuwa tukubar Nababa, ya zari tsinken tsire ɗaya, ya juyo ya fuskanci jama'a.

"Ni na kawo shi. In guba na kawo wa gidan ƙanwata, bari ta fara da ni."

Ya ɗaga tsiren zuwa baki. Mijinyawa bai san lokacin da ya isa gare shi ba. Ya dai ga hannunsa ya damƙe wuyan hannun kawunsa, ya riƙe gam. Ba wanda ya taɓa ganin ɗa ya riƙe hannun kawunsa haka. Tsohon ya fi shi ƙarfi nesa, da ya so da fizga ɗaya ya yar da shi, amma bai motsa ba, idonsa kawai ya kaɗa ya yi ja.

"Sake ni."

"Kawu, ka yafe mini. Ba zan sake ba."

Sai ga muryar Hamsatu daga bakin ƙofar baya. Ba ta saba fitowa gaban maza ba, kuma Mijinyawa ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta shiga maganarsa. Da Fillanci ta yi magana, ba da ƙarfi ba, amma Mijinyawa ya ji.

"Hamma, don Allah ka gaya mini gaskiya. Akwai wadda ta faɗi a garke kwanan nan?"

Kawu Hamma ya kawar da kai. Ta sake tambaya.

"Biyu," ya ce. "Makon jiya. Na ɗauka maciji ne."

Yatsunsa suka saki, tsiren ya faɗi ƙasa. Mijinyawa ya sake shi. Tsohon ya ɗauki sandarsa ya ratsa mutane ya fita, bai waiwayo ba.

Hamsatu ta juya ga Malam Zakka, don ba za ta dubi ɗanta ba. "Malam, wanda aka riga aka rabar fa?"

Mijinyawa ya juyo da sauri. "Inna, an rabar?"

"Tun da safe. Ɗanye, gida bakwai, kamar yadda aka saba."

Mijinyawa bai tambaya ba tun farko. Ya tsaya gardama a zaure, ya tafi gona, ya zauna gaban madubi, awa biyu cur, bai taɓa tunanin ko wani abu ya riga ya fita daga gidan ba.

Alhaji ya ce a aika a karɓo. Hamsatu ta ce ba a aike a karɓo kyauta, wanda ya bayar shi zai je ya ji kunyar. Ta yafa mayafi ta ɗauki babban daro, Mijinyawa ya bi ta a baya da sabulu da kwalbar maganin wanke hannu. Gida-gida suka bi cikin rana. Ita ke shiga ta yi bayani, shi yana tsaye a zaure yana tambaya wa ya taɓa, wa ke da rauni a hannu. A gida biyu naman na kan wuta, aka sauke aka juye har da romon. A wani gidan matar ta ce ba ta taɓa ganin irin wannan wulaƙanci ba, ta turo kwanon da ƙafa. Hamsatu ta sunkuya ta ɗauka, ta yi mata godiya.

Gida na bakwai na Iya Huraira ne, wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen lungu, wadda ta yi wa Hamsatu wankan jego lokacin da aka haifi Mijinyawa. Ta miƙo kwanon a rufe da faifai.

"Iya, ba ki ci komai a ciki ba?" in ji shi.

"Da wane haƙorin, ɗan nan? Ga shi nan yadda aka kawo."

Ya buɗe ya ga tsoka ɗanya, ya ji sanyi a ransa.

Kafin la'asar an haƙa rami mai zurfi a bayan gari. Aka zuba nama, fata, kai, ƙafafu, har ƙasar da jinin ya jiƙa, aka tula itace da tsofaffin tayoyi, aka kwarara kananzir. Baƙin hayaƙi ya tashi ana hangensa daga kasuwa. Baƙin da suka zo walima suka ci shinkafa da miya ba nama, aka yi addu'a a gurguje aka watse. Malam Zakka ya kai Nababa da matan da suka wanke naman asibiti aka fara yi musu allurar fanisilin.

Ranar Lahadi motar Minna ta tashi ba Mijinyawa. Akwatinsa na ɗaure a ɗaki. Ba wanda ya ce masa ya zauna, amma garken Kawu na can, da garkunan maƙwabta da ke shan ruwa a rafi ɗaya da shi, ga likitan gwamnati na yankin ya tafi kwas. Ranar Litinin ya je gidan waya ya buga tangaraho zuwa Badun, ya ce annoba ta tsare shi, yana roƙon a jira shi. Bai san ko za a karanta ba. Shi da Malam Zakka suka rubuta rahoto, aka aika Jos a kawo maganin rigakafi.

Ranar Talata da hantsi Hamsatu na tankaɗe, sai ta tsaya cak, rariya a hannu.

"Hantar," ta ce. "Na yanka wa Iya Huraira hanta, saboda haƙoranta. Na sa mata a saman kwanon da hannuna."

Mijinyawa da ke tsakar gida ya tuna abin da ya gani da ya ɗaga faifan. Tsoka ce kawai.

Da gudu ya isa gidan Iya Huraira. Ya same ta kwance a tabarma ta riƙe ciki, jikinta zafi kamar garwashi. Ta ce tun jiya take amai. Ya tambaye ta hantar. Ta kau da kai.

"Na ɗan gasa ta a bakin murhu tun kafin azahar. Da kuka zo na ga fuskar uwarka, sai na ji nauyin in ƙara mata."

Ya ɗauke ta a hannu har bakin titi. A asibiti aka yi abin da za a iya, allura bayan allura, ruwa bayan ruwa. Ya zauna a bencin baranda yana lissafin awannin nan biyu na ranar Asabar, ya jera su ta nan, ya jera su ta can. Da ma ya tambaya tun a zaure. Da ma ya fara bin gidaje kafin ya tafi neman madubi. Ranar Laraba, ranar da ake rufe rajista a Badun, bai ko tuna ba sai da yamma. Iya Huraira ta cika ranar Alhamis da safe.

Bayan an dawo daga maƙabarta mutanen da suka yi masa dariya suka riƙa zuwa suna ba shi hannu, suna cewa Allah ne ya kawo shi, da unguwa guda za a kwashe. Ya riƙa amsawa da amin, amma ya kasa haɗa ido da kowa. Nababa ya nuna masa wani ƙurji mai baƙin kai da ya fito masa a damtse, ya ce an ce zai warke tunda an fara allura da wuri.

Maganin rigakafi ya iso ranar Juma'a. Suka tafi Gitata da Malam Zakka a bayan wata akori-kura. Mijinyawa ya yi zaton Kawu zai hana, ko ya tarar ya tashi da garken. Sai suka same shi ya tara shanun a hoggo, shingen da suke kwana, ya kuma kira maƙwabtansa su ma sun kawo nasu. Saniya huɗu ya rasa a makon. Ya gaisa da Malam Zakka, ya tambaye shi iyali. Da Mijinyawa ya durƙusa ya gaishe shi, ya amsa da kalma ɗaya yana kallon wani wuri. Amma shi ya riƙa kama shanun da kansa, ɗaya bayan ɗaya, yana riƙe ƙaho yana kiran kowace da sunanta, ɗan ƙanwarsa na soka allura. Kwana uku suka yi a haka, kafaɗa da kafaɗa, ba su yi wata magana ba sai "riƙe" da "saki".

Da Mijinyawa ya dawo Keffi ya tarar da amsa daga Badun, layi biyu: an ɗaga masa zuwa ƙarshen wata, kada ya wuce. Ya karanta ya ninke ya sa a aljihu, ya kwana biyu bai gaya wa kowa ba. Hamsatu ce ta ga takardar da za ta wanke rigar. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta san kalar takardar gidan waya. Ta ajiye masa ita a kan akwatinsa, ta ɗora ƙullin dakakken yaji da kwalbar man shanu a kai.

Ya tafi ranar Laraba da sassafe, ba walima, ba rakiya sai Alhaji da ya kai shi tasha a bayan babur. A Badun aka ba shi ɗaki tare da wani Bayarabe mai nazarin kaji. Da malaminsa ya tambaye shi abin da ya tsare shi, ya ba da labarin a taƙaice, yadda ake rubuta rahoto: saniya kaza, gida kaza, mutum ɗaya. Malamin ya ce ya yi ƙoƙari. Mijinyawa ya daɗe bai iya cin nama a ɗakin cin abinci ba.

A wata na biyu wasiƙa ta zo daga Malam Zakka, da rubutunsa manya-manya. Ya ce tun bayan allurar ba saniyar da ta sake faɗuwa. Hannun Nababa ya warke, ya bar tabo, ya koma fawa. Kawu Hamma ya tashi da garkensa zuwa wajen Panda, don an ce masa ƙwayar cutar na daɗewa a ƙasa. Kafin ya tashi ya biyo ta ofis, ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba, ya tambaya ko allurar nan sau ɗaya ake yi ko kuwa duk shekara. Malam Zakka ya ce masa duk shekara. Sai ya ce to, a rubuta sunansa.